Irin Geron da Na Kulle a Akwatin Mai Lofe

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni ne mutumin da aka ba ajiyar littafi, na ɗauke shi da hannu biyu, da bisimilla, na kai wa gara. Ba littafin banza ba kuwa. Littafi ne da wani Bature ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubutawa, wanda jikata ta ce har gobe malaman jami'a na gardama a kan inda ya shiga. Ni na san inda ya shiga. A wata 'yar unguwa arewa da Kurfi gara ta cinye shi, ni na yi mata jagora.

Daminar bana ce ta tono maganar. Yau kwana takwas rabonmu da ganin rana sosai a Dutsin-Ma. Katangar maƙwabcinmu shekaranjiya ta zauna, ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi kamar tsohuwar da ta gaji. Da na lallaɓa gonar ɗana ta bayan gari sai na ji warin nan mai tsami-tsami na geron da ya fara ruɓewa yana tsaye. Hancina ya gane shi kafin ni. Na dawo na zauna a zaure, sai ga Bilki, jikata mai karatun Turanci a jami'a, ta shigo a jiƙe, ta ɗora littafinta a kan tsohon akwatin ƙarfen da nake jingina da shi. A bayan littafin akwai hoton wani tsoho mai doguwar haɓa, da lofe a bakinsa.

Na ce mata wannan tsohon na san ɗansa. Ta ce to angon nata ya fara rikicewa, gwamma ta nemi wani tun da wuri. Wai marubucin Ingila ne, ya mutu tun kafin a haifi uban da ya haife ta, ina ni ina ɗansa. Na ƙyale ta. Karatuna na boko duka wata uku ne a ajin yaƙi da jahilci, aka kore ni saboda na sa wa malamin mushen kunama a hula. Da wannan ɗan guntun karatun nake rubuta wannan, wanda ya ga kuskure ya san asalinsa.

Shekaru kaɗan kafin mulkin kai ina cikin leburorin haƙar rijiya da ke bin wani Bature tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Ni ake zurawa ƙasa, don ba ni da nauyi, ba ni kuma da hankalin jin tsoro. Baturen muna ce mashi Mai Lofe. Dogo ne, haɓarsa kamar bakin fartanya, Hausarsa ta littafi ce, yana gaida ka kamar liman. Duk inda muka yada zango akwai wani baƙin akwatin ƙarfe da ake ɗaukar mashi, a kansa yake zama in ana hutun azahar. Leburori suka yi ta cece-ku-ce, wasu su ce barasa ce, wasu su ce harsashi. Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya, wata rana a gindin tsamiya na tambaye shi.

"Ranka ya daɗe, mi ke cikin akwatin nan?"

Ya cire lofen ya ce, "Babana."

Na ja da baya. Ya yi dariya ya buɗe. Takardu ne maƙil, ɗaure-ɗaure da jan zare, rubutun hannu siriri kamar sawun kiyashi. Ya ce babansa ɗan mai niƙan alkama ne a wani ƙauye, ya tashi ya zama marubucin labarai tun kafin yaƙin Jamus na farko. Labaran mutanen ƙauye yake rubutawa, masu tumaki da masu gona, da ruwan da ke cinye masu amfani. An yi yayinsa, har a jirgin ƙasa ana nuna shi. Daga baya yayin ya wuce, aka ce rubutunsa na tsofaffi ne. Sai ya hau bene ya kulle kansa yana rubuta na ƙarshe, wanda ya ce shi ne littafin gaske. Ya gama, ya mutu, ba wanda ya nemi a buga. Uwar ta tattara ta ba ɗan.

Na tambaye shi ko labaran sun faru. Ya ce a'a, shiryawa yake yi. Na ce ashe sana'armu ɗaya da tsohon, bambancin kawai shi ana yaba mashi, ni ana bi na da sanda.

Abin da ya tsaya mani shi ne da ya ce bai taɓa karanta shi ba. Ya ce suna yara, shi da ƙanwarsa a kan matakala suke zama, ƙofar uban a kulle, suna jin alƙalami na ƙara a ciki. Abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye mashi. Shekara bakwai yana yawo da takardun a ƙasarmu bai wuce shafin farko ba. Wai in littafin bai yi kyau ba, to don mi aka kulle ƙofar. In kuma ya yi kyau, nan sai ya maida lofensa baki.

Daminar wannan shekarar ta fara lafiya lau. Mun yi shuka a kan kari, mun yi noman farko, mun yi maimai, gero ya tashi baƙi ƙirin, tsofaffi na cewa rabon da a ga irinsa an daɗe. Sai da ya fitar da kai sannan sama ta buɗe ta ƙi rufewa. Ba ruwan tsawa da iska ba, wani ruwa ne shiru-shiru, ya wuni ya kwana, ya ɗan tsagaita a ɗauka ya tafi, kafin a fito da shanya ya dawo. Itace ya ƙi kama wuta. Tabarma ta yi fumfuna, riga ta yi wari a jikin mai ita. Kwaɗi suka shigo har gindin murhu. Rumbuna suka riƙa jiƙewa daga gindi suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. A gona gero ya kwanta cikin ruwa, wanda ya rage a tsaye ƙwayarsa ta tsira a jikin zangarniya, kore shar, ka murza ka ji laka a hannunka. Yunwar da aka sani ta fari ce. Ba wanda ya taɓa gaya mana ruwa ma na kawo ta.

A tsakiyar wannan Mai Lofe ya zo duba rijiyoyin da muka haƙa da rani, don suna ta ruftawa. Zazzaɓi ya kada shi a unguwarmu, idonsa ya yi ɗorawa. Aka ɗaura shi a amuku, irin ragar nan ta ɗaukar mutum a kafaɗa, za a kai shi bakin hanya, rafi kuwa ya cika har wuya, ba halin ɗaukar kaya. Ɗakina ne a kan tudu, sai ya sa aka kira ni. Ya ba ni mabuɗin, ya ce in rana ta fito in riƙa shanya takardun kada su yi fumfuna, zai dawo. Na yi rantsuwa har da wadda ba a nema ba.

Sau ɗaya na shanya su, a gaban matata Hajo. Ta tsaya da ɗiyarmu a goye tana kallo, ta ce oh, duk wannan mutum ɗaya ya rubuta, ba shi da gona ne? Ta gani da idonta takardu ne a akwatin. Wannan ganin shi ya rufe ta daga baya.

Ina da wata 'yar gona a jigawa, gindin dutse, inda ruwa ba ya kwanciya. Ita kaɗai ta tsira. Hajo ta tafi Shema kwana uku taya uwarta kwashe kaya, ɗakin tsohuwar ya rushe. A kwana ukun nan aka ɗan samu rana. Na je na yanke zangarniyar da ta yi ido sosai, na shanya a kan falalen dutse, na murje da hannuna, na sheƙe da hulata ina waige-waige kada a ga namiji na shiƙa. Ƙwaya mai kyau, busasshiya, kamar tiya goma sha huɗu. Iri ne. Na tsaya ina kallonsa, ba ni da rumbu, ba ni da tukunyar da raɓa ba ta shiga.

Akwai kuma abin da ya fi raɓa. Hajo hannunta a buɗe yake, ba ta iya ganin mutum a ƙofa ta ce babu. Tana da ƙanne a Shema. Ni ina da yayana Mati, wanda in ya ce kawo, ba ni da bakin cewa a'a. A wurinmu hatsin da aka san yana gida ba naka ba ne kai kaɗai. Amma akwatin Bature ko dogari ba ya taɓa shi.

Na kwashe takardun. Ban jefar da su ba, kada a zalunce ni a nan. Rubutu ne, ba a ajiye shi a ƙasa, wa ya sani ko akwai sunan Allah a ciki da harshensu. Na naɗe su a buzu, na ƙara da tabarma, na ɗaure tamau, na kai ɗakin marigayi babana da ba a shiga, na ɗora a kan katanga ƙarƙashin jinka. Wuri mafi daraja a gidan na ba su. Shi ne kuma wurin da gara ta fi so, amma wannan sai daga baya na tuna. Na cuɗa geron da toka saboda ƙwari, na zuba a akwati, na danne da tsummoki kada ya yi motsi, na kulle, na ɗaura mabuɗin a lalitata. Da Hajo ta dawo na ce mata gonar jigawa tsuntsu da ruwa sun gama da ita. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ɗan abin da aka tsinta a sauran gonaki ya kai mu tsakiyar sanyi. Dawa ma ba ta yi ba. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa. Akuyoyinmu biyu suka tafi kasuwar Dutsin-Ma ba su dawo ba. Muka koma dusa, irin wadda da jaki ake ba. Da sassafe Hajo ta ɗauki ƙwarya ta bi mata fadama neman ganye, ni in tafi fasa dutse a hanyar mota, a sallame mu da ɗan garin rogon da ake kawowa daga kudu, wanda ba mu san kansa ba, ka ci kaɗan ya kumbura a ciki ya yaudare ka zuwa la'asar. Da yamma a dafa busasshen tafasa da kuka, a barbaɗa dusa, a ci ba a kallon juna. Da ɗorawa ta nuna aka koma lasar garinta, yara duk bakinsu rawaya. Aka ci goruba har ƙwallon. Mutane suka shiga tona gidan tururuwa suna ƙwace mata abin da ta tara.

Maza suka watse cin rani. Ni ban je ba, na ce ba zan bar ajiyar Bature ba. Aka yi ta yabona, wai Ilun da ba a ba shi ajiyar goro, ga shi ya zama mai amana. Ina jin su.

Ɗiyarmu Lami shekararta uku. 'Yar fari ce, daga ni har uwar ba mu kiran sunanta, sai dai yarinyar nan. Ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a yi mata wasa sai an duba ba kowa. Da can ba ta zama, ita ce mai kwance wa Mai Lofe igiyar takalmi. Da bazara ta shigo gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, ta daina bin kaji, ta daina kuka ma. Zafin shekarar kuwa kamar ruwan da aka yi ne yake ramawa. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, iska ta tsaya cik, kurciya ta yi ta kuka ɗaya. A ɗakinmu wuri ɗaya ne mai sanyi, saman akwatin ƙarfen nan a lungu. Sai Hajo ta shimfiɗa zane a kai ta kwantar da yarinyar, ita kuma ta ɗora kumatunta a inda zanen bai kai ba, tana jin sanyin ƙarfe. Hajo ta zauna a gefen akwatin tana yi mata fifita da faifai. Kullum haka. Ni ina bakin ƙofa da mabuɗi a ƙuguna.

Sau ɗaya na buɗe. Hajo ta tafi fadama, na ɗauke yarinyar na ajiye a tabarma, na ɗebi hannu biyu na zuba a hula, na kulle, na maida ta. Idonta biyu, ta ga komai. Na fita na busa tokar, na cuɗa geron da jar ƙasa, da uwar ta dawo na ce a gidan tururuwa na samu, gindin kukar hanyar Kurfi. Yarinyar tana kallona ba ta ce uffan ba. Ban sani ba ko ba ta gane ba ne, ko ƙarfin maganar ne babu.

Hajo ta wanke, ta daka, ta dama kunu. Ƙamshinsa ya cika gida har na ji tsoron maƙwabta. Yarinyar ta sha, ta tashi zaune, ta tambayi ina 'yar tsanarta ta kara. Washegari Hajo ta ɗauki fartanya ta tafi gindin kukar. Kwana uku tana zuwa, tana dawowa hannuwanta a kumbure da cizo, ba ko ƙwaya. A rana ta ukun ta ce in zo in nuna mata ramin da kaina. Na ce na manta. Ban sake buɗewa ba.

Lissafin da na yi ke nan, na kuma yi shi ya fi sau ɗari ina fasa dutse. In na buɗe a fili, gidana da gidan Mati da mutanen Shema, kwana goma sha biyu ya ƙare. Ruwa bai zo ba tukuna. In ya zo, ba abin shukawa, a shekara mai zuwa ba mutum ɗaya za a binne ba. Lissafin daidai yake. Har yau ban samu kuskure a cikinsa ba, na kuwa nema.

Gudawa ta kama yarinyar kwana biyu. Ran Talata da hantsi Hajo ta daina fifita, ta ajiye faifan, ta ja zanen ta rufe mata fuska. A kan akwatin. Ni na haƙa kabarin, ƙasa kamar dutse. Ni da na saba shiga gaba ashirin, wannan ko ƙuguna bai kai ba. Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, kowa ya ce haka ne. Hajo ba ta yi kuka ba, 'yar fari ce, mata suka yi ta yaba kunyarta. Ni ban ji komai ba. Abin da na tuna, muna dawowa na ga ƙadangare a kan danga na tsaya ina tunanin ko ana cinsa.

Bayan kwana tara, da la'asar, gabas ta haɗe. Iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, aka yi ruwa har ya kwanta a tsakar gida. Da safe na kwance mabuɗin a gaban Hajo na buɗe akwatin, na ɗauke tsummokin. Ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu a ciki har wuyan hannu, ta fito da shi, ta goge tokar a zanenta. Sai ta juya ta ɗauko ƙwarya ta cika, ta ɗora a ka, ta yi gaba. Na ɗauki sungumi na bi ta.

Ina gaba ina sara, tana baya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Mu kai ƙarshen kunya mu juyo. Ba abin da ake ji sai sungumi da numfashinmu. Duk da yunwar nan, ita ko sau ɗaya ba ta kai ƙwaya bakinta ba. Na so ta zage ni, na so ta jefe ni da ƙwaryar. Har rana ta take ba ta ce mani ci kanka ba.

Kafin azahar labari ya zaga. Yawancin unguwa sun cinye irinsu tun cikin sanyi, ga ruwa ya sauka suna zaune suna kallon gona. Suka riƙa zuwa da huluna da bakin zane. Mati ne a gaba. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce, "Ilu, ashe kai ne mai hankalin gidanmu." Na ɗiba na ba shi. Na ba kowa har na ga ƙarfen gindin akwati. Geron ya yi kyau, mai saurin nuna ne, shi ya fara fid da mutane daga yunwa tun sauran na tsaye kore. Shekara ta zagayo aka riƙa zuwa daga wasu unguwanni neman iri, a ce a ba mu na akwatin nan. Sunan da ya bi shi ke nan, ɗan akwati. Har irin malaman gona ya shigo ana shuka shi, yanzu ma in ka tambayi tsofaffi a kasuwar Kurfi za ka samu mai ɗan ƙulli a rataye. Akwai waɗanda suka sa mani albarka har suka mutu.

Mai Lofe ya dawo gero ya fara ido. Ya rame, haɓar ta ƙara tsawo. Tun ranar da na ɗora ƙunshin ban sake shiga ɗakin babana ba, ba don mantuwa ba, ban dai shiga ba. Na tura ƙyauren. Ƙunshin na nan yadda na bar shi, har da igiyarsa. Na kama zan sauke sai na ji ba nauyi, ya farfashe a hannuna, jar ƙasa ta zubo mani a ka. Gara ta bi katanga ta shiga, ta cinye buzu da takarda, ta gina ɗakinta daidai siffar abin da ta ci. Na tsinci 'yan gutsattsari da ba su fi tafin hannu ba, da guntun jan zare, na zuba a faifai, na haɗa da akwatin na kai mashi gindin tsamiya.

Na riga na sallama, gidan yari ne. Ƙarya kuwa ranar ban da ƙarfinta, sai na gaya mashi yadda aka yi, ban rage ba sai maganar yarinyar. Ya zauna da lofen a hannu ba wuta. Ya ɗauki gutsure ɗaya ya kai kusa da ido ya juya shi, ya ce rabin sunan wani ne, bai san ko wane ne ba. Sai ya ce in kai shi ya ga gonar.

Muka bi ta cikin geron, ya fi shi tsawo, zangarniya na shafar hularsa. Na nuna mashi tawa, na nuna ta Mati, na nuna har inda ido ya tsaya. Ya ce duk wannan daga ciki? Na ce duk. Ya ce babansa ya cika littattafai da manoma, bai taɓa riƙe fartanya ba. Muna komowa ya tambayi ina 'yar da ke kwance mashi takalmi. Na ce ta rasu. Ya ce yaushe. Na ce kwana tara kafin ruwa. Mutum ne mai awo, aikinsa ke nan, na ga yana awon a fuskarsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya dubi ƙasa.

Abin da ya ce kawai shi ne, "Yanzu ba sai na karanta ba." Ya zuba gutsattsarin a aljihu, ya ce akwatin in riƙe, ba shi da abin sa wa a ciki. Ban sake ganinsa ba.

Bilki ta ce bayan an manta da tsohon shekaru masu yawa, yayinsa ya dawo, yanzu ana karanta shi a makarantu har nan ƙasar, su ma jarrabawa za su yi a kansa. Malaminsu ya ce littafinsa na ƙarshe ya ɓata, wasu na cewa matarsa ta ƙone shi, wasu na cewa bai ma rubuta ba, cika baki ne. Tana faɗa tana zaune a kan akwatin tana matse mayafinta. Haruffan sunan marubucin na nan da farin fenti a gefen da na juya wa bango. Na ce ta gaya wa malamin nasu an karanta littafin tas, gara ce ta karanta, daga bango zuwa bango. Ta yi dariya har da buga ƙafa, ta ce, "Tsoho, kai dai da ƙarya za a binne ka." Na ce ta tashi ta kawo mani ruwan alwala.

Hajo mun ƙara shekara arba'in da ɗaya tare, ta haifa mani shida, biyar sun rayu. Ta yi mani faɗa a kan taba, a kan bakina, a kan awakin mutane da nake tsokana. Maganar akwati sau ɗaya ta yi ta, ban ba ta amsa ba a ranar, na ce sai na samu abin faɗa, har aka kai ta ban samu ba. Ranar da Mai Lofe ya tafi ne. Na ɗauko akwatin ba komai a ciki, yana ƙara a kaina, na iso ƙofar ɗaki. Tana zaune a dokin ƙofa ta gasa tumun farko, tana murzawa a tafin hannu tana busa ƙaiƙayin a hankali, yadda ake yi wa yaro. Ta matsa ta ba ni hanya, ba ta ɗago kai ba.

"Maigida, da ka faɗa mani, ni ma ba zan buɗe ba. Sai dai da na daina kwantar da ita a kai."